Inda Aka Haifi Baffa

Yayata ta yi gwamna. Na fara da wannan ne domin shi mutane suka sani game da gidanmu, kuma shi suke tambayata da zarar sun ji unguwar da na fito. A iyakar sanina, kuma ina iya yin kuskure, babu mace daga cikin Hausawan N'Djamena da ta kai wannan matsayi kafin ita. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta girme ni da shekara tara. Na yi mata aikin rubutu shekaru masu yawa, saboda haka abin da zan faɗa ba daga nesa na hango shi ba. Amma ba zan ce na san abin da ke cikin zuciyarta ba.

Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara huɗu. Wansa ne ya riƙe mu, wanda muke kira Baffa. Baduku ne, yana da 'yar rumfa a unguwar Kabalaye inda yake ɗinka takalma da gidan wuƙa da jakar Alƙur'ani. 'Ya'yan da ya haifa ba su rayu ba, mu ne 'ya'yansa. Yana kiran Yaya Uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Ni kuwa Auta kowa ke ce mini.

Mu jikokin masu tafiya Makka a ƙasa ne. Kakanmu ya baro wani ƙauye a ƙasar Katsina da matarsa da 'ya'ya biyu maza: Baffa, yana da shekara goma sha biyu ko kusa da haka, da mahaifinmu, wanda bai wuce uku ba. Baffa ne ya yi ta saɓa shi a wuya har suka iso kogi. Kakarmu ta rasu a Kusseri, garin da ke hayin kogin. Kakanmu ya haye ya sauka a Fort-Lamy, kamar yadda ake kiran garin nan a lokacin, da nufin ya yi aiki ya ƙara guzuri ya wuce. Bai wuce ba. Kafin ya cika ya sa Baffa ya yi masa alkawarin zai ƙarasa tafiyar.

Tsofaffinmu ba sa yarda cewa sun zauna. Ba sa dasa itace a tsakar gida, ba sa gini da siminti, da yawansu kuma ba sa karɓar katin ɗan ƙasa, domin a ganinsu wanda ya yi haka ya kwance niyyarsa. Duk shekara bayan ƙaramar Sallah Baffa yakan ɗauki sandarsa da butarsa da safe, ya nufi gabas har ya fita daga gidajen gari, ya yi raka'a biyu, ya dawo rumfarsa. Yakan ce ya ƙara taki. Takarda ɗaya ya mallaka a duniya, wadda Faransawa suka ba kakanmu a mashigin kogi. Akwai sunayen mutum uku a kanta, da shekarunsu, da ƙauyen da aka haifi kowannensu, da hatimin da ke nuna masu wucewa ne. Ya ɗinka mata gida na jar fata, yana rataye da ita a cikin riga.

Mahaifinmu bai bi wannan hanya ba. Ya so aikin direba a gwamnati, sai ya samo shaidu biyu suka je kotu suka rantse cewa a Fort-Lamy aka haife shi, aka ba shi takarda. Mutane da yawa sun yi haka. An ce Baffa ya yi shekara guda bai yi masa magana ba.

Duk da haka Baffa ne ya sa Yaya a lakwal, alhali maƙwabta suna cewa matafiyi ba ya kai 'yarsa makarantar Nasara. Ta sha wuya a can. Yara suna ce mata 'yar Najeriya, suna tambayar ta da Larabci yaushe za su wuce su bar musu gari. Na tuna ranar da ta dawo da riga a yage, leɓenta ya kumbura, ba ta yi kuka ba, ta zauna ta yi aikin gida. Ina faɗin wannan ne don kada a ɗauka haka kawai ta tashi da taurin zuciya. Ta karanta shari'a, ta zama mai gabatar da ƙara.

A farkon shekarun casa'in sunanta ya fito, a kan shari'o'in takardun jabu. Fatake sababbin zuwa daga Najeriya sukan sayi takardar haihuwa don su samu kati su yi kasuwanci ba tsangwama. Yaya ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu an ɗaure su, wasu an raka su bakin gadar kan iyaka a Ngueli an ce su wuce. Na taɓa zama a kotu ina ɗalibi, wani dattijo mai sayar da yadi, da ganin alama Basakkwace ne, ya dube ta ya ce, "Hajiya, ki dubi Allah, ni ɗan'uwanki ne." Sai ta juya wajen alƙali ta ce da Faransanci a kawo tafinta, ba ta jin abin da wanda ake tuhuma ke faɗi. Mutanen gari sun so ta saboda wannan. Suna cewa ga Bahaushiyar da ba ta rufa wa nata asiri.

Ni tarihi na karanta a jami'a. Na gama na yi shekara biyu ina yawo da takarduna ofis-ofis. Da ta tsaya takarar majalisa sai ta ɗauke ni mai rubuta mata jawabai. Aikina na farko shi ne taƙaitaccen tarihinta da za a raba a wuraren taro. Na yi kwana uku a kan shafi ɗaya. Ta karanta a tsaye, ta sa yatsa a layi na biyu.

"Mene ne wannan 'kamar yadda takardu suka nuna'?"

"Yaya, na ga dai ya fi aminci. Tun da ba mu da tabbacin..."

"A ina aka haifi Baba?"

"To, takardar kotu ta ce Fort-Lamy. Amma Baffa yana cewa..."

"Kai digirinka na tarihi ne, ni nawa na shari'a ne. Abin da ke kan takarda shi ya faru. Goge."

Na goge.

Baffa ya yi murna da takarar fiye da kowa. Duk wanda ya tsaya a rumfarsa sai ya ba shi shayi ya ba shi labari: yadda ya saɓo uban 'yar takara tun daga ƙasar Katsina, yadda ƙafarsa ta tsattsage, yadda suka binne mahaifiyarsu a hayi. Idan labari ya yi daɗi sai ya ciro takardar ya nuna, ko da yake shi kansa bai iya karanta ta ba. Cikin masu shan shayin akwai mutanen abokin takararta. Mako bai zagayo ba aka fara rera mata waƙa a bakin taro cewa fasinja ce, mota take jira.

Ta kira ni ofis ta rufe ƙofa.

"Auta, je ka karɓo mini takardar nan."

"Ba na jin zai bayar."

"Ni ba zai ba ni ba. Kai zai ba ka, kai ne mai gaskiyar gida."

Na tambaye ta abin da za ta yi da ita. Ta ce za ta adana. Ban ƙara tambaya ba, kuma ina jin na san dalilin da ya sa ban ƙara ba.

Na same shi da hantsi yana yanka fata. Na ce masa takardar ta tsufa, tana karyewa a wajen ninki, akwai masu na'ura yanzu da ke rufe takarda da roba ta daɗe. Wannan gaskiya ne, akwai su. Har yau ina lura da yadda na zaɓi kalmomina don kada in furta ƙarya ƙarara: ban ce zan kai ta can ba, na ce akwai su ne kawai. Ya cire ta daga wuya da gidanta, ya sa mini a hannu, ya rufe da nasa.

"Kada su sa mata zafi da yawa. Hatimin ya fi ka tsufa."

Yaya ta buɗe ta, ta karanta sau ɗaya, ta sa a jaka. Gidan fatar ta miƙo mini. Na rasa inda zan kai shi, na sa a aljihun tebur.

Baffa ya yi ta tambaya. In ce na'urar ta lalace, wanda ya faru sau ɗaya. In ce tana wajen Yaya, ta fi tsaro. Da ya tambaye ta sai ta ce, "Tana nan, Baffa, ka kwantar da hankalinka." Masu waƙa suka nemi a kawo takardar Baffa a matsayin shaida, babu ita, ita kuwa ta manna takardar kotun mahaifinmu a bango. Ta ci zaɓe.

A majalisa maganarta ɗaya ce: a tsaurara bincike a mashigan gari, duk wanda ba shi da kati a riƙe shi har sai an kawo masa. Ni na rubuta jawaban. Nakan sa "wasu daga cikin baƙi", ta mayar da shi "baƙi". A wannan lokacin ne kuma ta gina wa Baffa gida a Lamadji, can arewa inda gari ke ƙarewa gonaki su fara. Ɗaki biyu na siminti, da famfo, da ɗan mangwaro da ta sa aka dasa a tsakar gida. Mai gidan da yake haya a Kabalaye ya ce yana son ɗakinsa. Ban sani ba ko da hannunta a ciki, ban kuma bincika ba. Kowa ya yaba mata. A Lamadji babu mai tsayawa shan shayi, maƙwabtansa ba sa jin Hausa. Bai taɓa ba mangwaron ruwa ba, ma'aikacin gidanta ne ke zuwa yana ba shi.

Shekaru suka wuce, aka shiga shekarun dubu biyu, ta sake cin zaɓe. Idon Baffa ya fara hazo, ya daina ɗinki. Wata shekara ya fita ƙara takinsa ya ɓata hanya, wani mai amalanke ya dawo da shi. Bayan wannan ne ya ce mini, "Auta, ƙafa ta ƙi. In jirgi ne, na yarda da jirgi." A da yakan ce jirgi na masu gaggawa ne.

Yaya tana samun 'yan kujerun Hajji duk shekara da take raba wa mutanenta. A shekarar kuma ana ta raɗe-raɗin za a naɗa ta gwamnan wani yanki, ana bincika takardun duk wanda sunansa ya shiga. Na kai Baffa gidanta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ta tarbe shi da kyau, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta zuba masa shayi da hannunta.

"Kujera taka ce, Baffa. Tun da daɗewa nake jira ka tambaya. Fasfo kawai za a yi, kafin fasfo kati, kafin kati takardar haihuwa. Ranar Litinin Auta zai kai ka kotu, minti biyar ne."

"Me zan ce musu?"

"Za su tambaye ka inda aka haife ka, ka ce nan."

"Ba nan aka haife ni ba, Uwata."

"Shekara sittin kana shan ruwan garin nan."

"Na sha. Allah ya saka wa masu gari. Amma za a ba ni Alƙur'ani in dafa ko?"

"Dafawa ce kawai."

"In dafa Littafi in yi ƙarya, sannan in ɗauki takardar in je Ɗakin Allah da ita? Wa zan nuna wa?"

"Rabin jirgin da irinta za su tafi."

"Su suka sani. Ki ba ni tawa ta dā, in kai ofishin jakadancin Najeriya. An ce in mutum ya nuna asalinsa suna ba shi fasfo."

Ta ajiye butar shayin. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Wan ubana ya je ya karɓi fasfon Najeriya a watan da ake duba takarduna? Baffa, ka san mutum nawa na ɗaure a kan abin da Baba ya yi? Ranar da wannan ta fito, ba gwamna kaɗai zan rasa ba. A kotun da na tsaya za a tsayar da ni."

"To in jira sai an naɗa ki."

"Bayan an naɗa ni ma ƙanenka ne ubana. Kalas, magana ta ƙare, Baffa. Hanya ɗaya ce."

Ya shafa ya nemo sandarsa. Ya ce, "Ni na saɓo ubanki a wuya." Ta ce, "Na sani. Shi ya sa nake roƙon ka kada ka faɗa wa kowa."

Bai je kotu ba. Sai ta yi abin ba da shi ba. Aka ce tsoho ne ba ya iya fita, shaidu biyu sun isa. Ni ne ɗaya. Babu wanda ya tambayi yadda na shaidi haihuwar mutumin da ya girme ni da shekara arba'in da wani abu. Na dafa Littafin da yatsu uku, kamar hakan zai rage wani abu. Hotonsa kuwa an ɗauka ne a kan za a yi masa katin asibitin ido. Cikin mako uku kati da fasfo suka fito.

Ta ba ni su ta ce, "Ka gaya masa an bi wata hanya, ba a buƙaci rantsuwarsa ba. Ba ya gani, ba ya karanta boko. Ka kai masa, ka rufe bakinka, ya tafi Makka. Wannan kaɗai nake nema a wajenka."

Na same shi a inuwar bango, la'asar ba ta yi ba. Na gaya masa abin da ta ce. Ya karɓi fasfon ya shafa bangonsa kamar yadda yake gwada fata, ya sunsuna, ya yi dariya ya ce fatar ƙarya ce amma aikin ya yi kyau. Ban taɓa ganin sa cikin farin ciki irin na wannan lokaci ba. Ya fara lissafa waɗanda zai yi wa addu'a, ya fara da mahaifinsa. Sai ya buɗe shafin farko ya miƙo mini.

"Karanta mini, Auta. Duka."

Na karanta sunansa da na mahaifinsa. Na karanta sana'a. Na karanta tsawo da launin ido, ya yi dariya. Na tsallake layi ɗaya.

"Wurin haihuwa fa? Ba su sa ba?"

Kalma ɗaya ce. Da na faɗi sunan ƙauyen da ke cikin tsohuwar takardar, babu wanda zai taɓa karanta masa akasin haka, daga nan har Jidda. Na yi shekaru ina yi masa kwana-kwana a kan takardarsa. Na rantse a kotu mako uku da suka wuce. Amma a ranar, da ya ɗago idonsa mai hazo yana jira, sai na ji ba zan iya yi masa ƙarya kai tsaye ba. Na daɗe ina so in kira wannan tsoron Allah. Yanzu na fi zaton nauyin ne ya ishe ni, na ga inda zan sauke, na sauke a kansa.

"Sun sa... to, Baffa, su a tsarinsu, ba lalle ne abin da aka rubuta ya zama..."

"Me suka sa?"

"Fort-Lamy."

Ya rufe fasfon a hankali.

"Wa ya rantse?"

"Mutum biyu ne."

"Su wa?"

Na gaya masa. Bai zage ni ba. Ya ajiye fasfon da katin a kan tabarma tsakaninmu, ya ce in tafi da su kada tururuwa ta hau.

Yaya ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Abu ɗaya na ce ka yi." Na ce ya tambaye ni kai tsaye. Ta ce, "Na ɗora tsohon nan a kan tsanin jirgi, kai ka janyo shi don ka yi barci mai daɗi. Ni ko ƙarya na yi, don wani abu na yi ta. Kai gaskiyarka wa ta amfana?" Na roƙe ta ta mayar masa da tsohuwar takardar, ko a asirce. Ta dube ni ta ce, "Wace takarda?" Kujerar ta ba shugabar matan da ke yi mata guɗa a taro.

Kwana biyu bayan tashin jirgin ƙarshe na mahajjata aka yi mini waya ofis da azahar. Wani mai mashin ne Bahaushe da ya san Baffa tun Kabalaye. Ya ce in zo Ngueli, an riƙe tsoho a shinge kafin gada.

Ashe ya fito tun da safe, ya hau motar haya biyu, da nufin ya haye Kusseri ya kama hanyar ƙasar Katsina, ya nemi ƙauyensu, ko akwai wanda ya tuna kakanmu ya rubuta masa shaida ta gaskiya. Shekara sittin da barin garin. Masu kaki suka nemi kati, ya ce ba shi da shi, shi matafiyi ne. Suka zaunar da shi tare da sauran marasa takarda a wani fili da ba inuwa. Watan zafi ne. Na iske mutum wajen ashirin a tsugune, mata masu ɗauko atamfa da samari masu jarka, Baffa a tsakiyarsu. Hularsa ta faɗi bai sani ba. Ya fi awa huɗu a wurin. Leɓensa ya yi fari, kuma ya saki fitsari a wando, yana ƙoƙarin rufe wurin da bakin rigarsa.

Katin yana aljihuna tun ranar da ya ce in tafi da shi. Na miƙa wa babbansu, wani matashi mai ƙiba yana cin gyaɗa. Ban ambaci Yaya ba, don ta hana. Ya duba hoton, ya duba Baffa, ya yi magana da Larabci yadda kowa zai ji.

"Wannan tsohon ya ce mana shi ɗan Katsina ne mai wucewa. Katin nan ya ce ɗan gari ne. Ɗaya ƙarya ce. In katin ne ƙarya, kai da ka kawo shi za ka zauna kusa da shi, gobe kotu."

Na ce tsufa ne, yana ruɗewa. Ya ce in yi shiru. Ya tsuguna gaban Baffa yana kaɗa katin.

"Shaibani, kai tsoho, a ina aka haife ka? Fort-Lamy, ko ba haka ba?"

Wata mata a gefe ta ce wa Baffa da Hausa, "Baba, ka ce e mana, ka je ka sha ruwa." Ya juya kansa yana neman inda nake, ina jin ta muryata yake bi, amma ban ce komai ba. Amsar da ya bayar bayan haka, ban san ko don rana ya bayar da ita ba, ko don an ce za a zaunar da ni. Na so a ce don rana ne.

"Na'am," in ji shi.

"Ban ji ba."

"Fort-Lamy."

"To ka gani? Wahalar banza kawai." Ya jefa masa katin a cinya. Masu jarka suka yi dariya, ba duka ba.

A mota ya sha ruwa kaɗan. Muka wuce tsakiyar gari. Sai ya ce, "Jirgi ya tashi ko?" Na ce shekaranjiya. Ya gyaɗa kai.

Mako uku bayan haka rediyo ya karanta naɗin Yaya. Aka yi guɗa a Kabalaye har da waɗanda ta ɗaure wa 'yan'uwa. Na bi ta yankin a matsayin shugaban ofishinta. Zan faɗi gaskiya, gwargwadon abin da na gani, ta yi aiki: ta gyara rijiyoyi, ta kori masu cin abincin makaranta, mata suna kawo mata 'ya'yansu su gan ta. Ban san yadda ake auna wannan da wancan ba, kuma na daina gwadawa.

Da shekara ta zagayo ta ce mini in je Lamadji in gaya wa Baffa kujera tana nan, fasfonsa bai mutu ba. "Yanzu ai ya riga ya faɗa da bakinsa," in ji ta. "Me ya rage?"

Na same shi a ɗaki, ya rame, idon ya rufe gaba ɗaya. Maƙwabciyarsa ta ce tun ranar gada bai ƙara fita ƙofar gida ba, ko bayan Sallah. Na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi lafiyar Uwata da zafin can. Na isar da saƙo yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba.

"Da wace takarda?"

"Da waccan, Baffa."

Ya daɗe yana murza yatsunsa. Sannan ya ce, "Ka gode mata. Wanda aka haifa a Fort-Lamy bai yi wa kowa alkawarin Makka ba. Ya zauna garinsu."

Na ce ya yi tunani, akwai sauran lokaci, wataƙila malamai ma za su ce babu laifi a kansa tun da tilasta masa aka yi. Ya ce in miƙo masa buta.

Na koma na gaya wa Yaya. Tana sa hannu a takardu, ba ta ɗago ba sai da ta gama shafin. Na ga kamar alƙalamin ya tsaya na ɗan lokaci, amma ba zan rantse a kan haka ba. Ta ce, "Ranar Alhamis ake rufe sunaye. Ka sa sunan direbana a kujerar, ya daɗe yana roƙo."

Na sa direba.